Kwana biyar a ƙasar jan laka

Hancina ne ya fara gaya min mun hau tudu. Tun a Albuquerque ya bushe ƙamas kamar a tsakiyar hunturun Zariya, alhali watan Yuni ne, rana kuma tana dukan ƙeya ba sassauci. Da muka isa Santa Fe, tafiyar awa guda a mota, sai ga haɓo. Ɗan yayata da ke karatu a jihar, wato Niyu Meksiko ta Amurka, wanda shi ya ɗauki nauyin yawo da ni, ya miƙo min gorar ruwa yana dariya. "Kawu, garin nan ya fi mita 2,000 sama da teku. Ka riƙa sha ko ba ka jin ƙishi." Na sha, amma sai da kaina ya yi kwana biyu yana sarawa.

Ni ba mai zane ba ne, sha'awa ce kawai. Na daɗe ina jin cewa jihar Niyu Meksiko ita ce matattarar masu zanen Amurka, cewa akwai wani haske a sararin samaniyarta da ke janyo su daga Niyu Yok da Faris, shi ya sa na ce wa yaron in dai na zo to sai ya kai ni na gani da idona. Abin da ban yi tsammani ba shi ne in sauka a mota in ga kamar an ɗauko unguwarmu ta da an dire ta a Amurka. Gidaje ja-ja-ja masu soro, kusurwoyinsu a lanƙwashe, kawunan itatuwan rufi sun leƙo ta bango, ga indararo. Kakana magini ne, a gidan ƙasa na tashi, don haka ban san lokacin da na je na dafa bangon wani otal ba. Sanyinsa ba na ƙasa ba ne. Na ƙwanƙwasa da yatsa, ya amsa min da muryar siminti. Ashe tun 1957 garin ya yi doka cewa duk ginin da za a yi a tsohon gari sai ya yi kama da na gargajiya, sai mutane suka koma yin bulo da katako suna shafa musu fenti launin ƙasa. Mu muna rushe na gaske don mu yi na siminti, su suna yi wa na siminti kwalliyar na gaske. Na yi dariya ni kaɗai, yaron yana tambayata lafiya.

Na gasken yana bakin dandalin tsakiyar gari: Fadar Gwamnoni, wadda Sifaniyawa suka gina a 1610, shekarar da suka mai da Santa Fe hedkwatarsu. Doguwa ce, bene babu, bangonta ya fi kamu biyu kauri. A ƙarƙashin rumfarta 'yan asalin ƙasar ne zaune a jere, kowa ya shimfiɗa bargo ya baza hajarsa, azurfa da shuɗin dutse da ƙananan tukwane. Kowace safiya ƙuri'a ake kaɗawa don a san wanda zai samu wuri, kuma ba a yarda ka sayar da abin da ba hannunka ko na gidanku ya yi ba.

Wannan fada ta sha hannu. Mutanen da Sifaniyawa suka kira Pueblo, wato mazauna garuruwa, manoman masara ne da suka yi ɗaruruwan shekaru a bakin kogin Rio Grande kafin baƙi su zo. An ɗora musu haraji da aikin tilas, an hana su addininsu. A 1675 aka kama shugabannin addininsu 47, aka rataye wasu, aka yi wa sauran bulala a bainar jama'a. Cikin waɗanda suka sha bulalar akwai wani mai suna Popé. Ya koma Taos ya yi shiru yana ƙulla abinsa. A watan Agustan 1680 ya aika 'yan gudu zuwa garuruwa, kowanne da igiya mai ƙulli-ƙulli, kullum a kwance ƙulli ɗaya, ranar da na ƙarshe ya kwance a tashi. Aka kashe Sifaniyawa wajen 400, ciki har da limaman coci 21, sauran suka tsere kudu. Shekara 12 mutanen Pueblo suna riƙe da ƙasarsu, fadar nan ma gidan zama suka mai da ita, kafin Diego de Vargas ya dawo a 1692. Daga baya ƙasar ta koma hannun Meksiko a 1821, sojojin Amurka suka shigo a 1846, ba ta zama jiha ba sai 1912.

Zanen da ya fi tsayar da ni a gidan tarihin da ke haɗe da fadar ba a kan ƙyalle aka yi shi ba, a kan fata ne, fatu da aka ɗinke suka kai tsawon mita 5. Yana nuna yadda aka yi wa wata rundunar Sifaniyawa da mataimakansu 'yan Pueblo kwanton ɓauna a 1720, can a inda yanzu ake kira Nebraska. Sojoji sun haɗa baya a tsakiya, kibau na sauka, dawaki sun watse. Wani limamin coci mai suna Segesser ya aika wa danginsa fatun a Suwizalan a 1758, suka yi fiye da shekara 200 a can kafin jihar ta saye su a 1988. Yau sunan limamin suke amsawa. Wanda ya zauna ya jeme fatar, ya haɗa launi, ya zana kowane soja da fuskarsa, bai sa suna ba. Tun daga nan wannan magana ta suna ta maƙale min, ta bi ni har ƙarshen tafiyar.

A nan kuma na ji labarin Esteban, baƙar fata daga garin Azemmour na Maroko, bawa, wanda ya yi shekara 8 yana gararamba a ƙafa bayan rundunar da ya zo da ita ta halaka, sannan a 1539 ya shige gaban tawagar Sifaniyawa ya isa garin Hawikuh na mutanen Zuni, inda labari ya zo cewa an kashe shi. Wato baƙon farko daga tsallaken teku da mutanen nan suka fara gani ɗan Afirka ne. Yaron ya ce, "Kawu, ka ga ashe ba kai ne na farko ba."

Kashegari muka yi arewa zuwa San Ildefonso, ƙaramin gari mai katafaren fili a tsakiya da wata tsohuwar bishiya. A kan tudun da ke bayansa Los Alamos yake, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko. Ni dai tukunya ta kawo ni. Nan ne garin Maria Martinez, wadda ta rasu a 1980 tana da shekara casa'in da ɗoriya. Ba ta taɓa amfani da injin juya tukunya ba. Yumɓu take haɗawa da tokar dutse mai aman wuta, ta murza shi kamar igiya, ta yi ta ɗorawa zagaye bisa zagaye, ta kankare da sakaina, sannan ta ɗauki ɗan dutse mai santsi ta yi ta gugar jikin tukunyar har ya yi ƙyalli. Mijinta Julian shi ke zane a kai da burushin ganyen wani tsiro. Sirrin yana wurin gashi: idan wuta ta kama sosai sai a lulluɓe ta da garin busasshen kashin dabbobi, hayaƙi ya rasa hanyar fita, jan yumɓu ya rikiɗe ya koma baƙi wuluk. Inda aka goga ya fito kamar madubi, inda aka yi zane ya fito dishi-dishi, baƙi a kan baƙi. Sun gano wannan salo wajen 1919, bayan masu tonon tarihi sun nuna musu fasassun tukwanen kakanninsu.

A wani ɗan shago cikin garin wata mata ta bar ni na riƙe wata ƙaramar tukunya irin wannan da ta gina da hannunta. Ba ta da nauyi, kuma na ga fuskata a jikinta, a karkace, da macijin ruwa da aka zana ya zagaye ta. Ta juya min gindin don in ga sunanta. Ta ce Maria ce ta buɗe musu wannan ƙofa, don a da babu mai sa hannu a tukunya, kamar yadda babu mai sa hannu a tuwo. Da Maria ta fara sa suna a farkon shekarun 1920, nata kaɗai take sawa, saboda ginin tukunya aikin mata ne, sai daga baya aka ƙara na mijin. Kuma ba ta ɓoye sirrin ba, ta koya wa garin. Na zaro tsohuwar naira 20 da ta kwana a walat ɗina na nuna wa matar hoton Ladi Kwali a baya, na ce ga tamu, ita ma da hannu take ɗora yumɓu. Ta daɗe tana kallon takardar. Ta tambaye ni ko har yanzu 'yan mata suna koyo a wurinmu. Na ce roba ta ci kasuwar. Na bar mata kuɗin, ta ƙi rage min ko sisi a farashin tukunyar, kuma ban ga laifinta ba.

Daga nan muka bi hanyar Abiquiú. Nan ne ƙasar ta fara nuna abin da ya haukata masu zane: duwatsu ja da rawaya da fari, an jera su hawa-hawa kamar an yanka alkaki, sama kuma shuɗiya har tana sa ido ruwa. Georgia O'Keeffe, wadda ta fi kowa suna a cikinsu, 'yar Wisconsin ce, an haife ta a 1887. Ta fara zaman bazara a jihar a 1929, ta riƙa dawowa kusan kowace bazara, tana tsintar ƙasusuwan shanu a daji tana zanawa, har ganga guda ta taɓa cikawa ta aika Niyu Yok. Bayan rasuwar mijinta ta tare gaba ɗaya a 1949, ta zauna har ta rasu a 1986 tana da shekara 98. A 2014 an sayar da wani zanen farin fure nata dala miliyan 44 da 'yan kai.

Furannin ba su dame ni ba, gaskiya. Ƙofar ce. A Abiquiú ta ga wani kangon gidan ƙasa mallakar coci, rufinsa ya rufta, amma a tsakar gidan akwai dogon bango da wata baƙar ƙofa, ta ce lallai sai ta mallaki ƙofar nan. Ta yi shekaru tana naci kafin a sayar mata a 1945, ta kuma zana ƙofar fiye da sau 20. Na tsaya a tsakar gidan. Bango ne kawai na laka, da ƙofa mai kusurwa huɗu, da wasu 'yan duwatsu a jere a ƙasa. Irinsa na nan birjik a lungunan Zariya, muna wucewa ba ma ko ɗaga kai. Amma da rana ta karkata sai na ga yadda sawun tafin hannu ya fito a jikin yaɓen, layi-layi, kowanne da 'yar inuwarsa. Matan garin ne suka yi yaɓen lokacin da aka gyara gidan, don a al'adar wurin yaɓe aikin mata ne. Mutanen Abiquiú kuwa jikokin waɗanda ake kira genízaro ne, 'yan asalin ƙasa da aka kama ko aka saya suna yara aka yi bauta da su a gidajen Sifaniyawa, aka ba su wannan wuri a 1754 don su zama garkuwa a bakin iyaka. Yanzu duk yankin sunan O'Keeffe ake kiransa da shi a takardun 'yan yawon buɗe ido. Zanenta ya yi kyau, ban musa ba. Amma ta tarar da gari da mutanensa.

La'asar ta same mu a tsallaken kogin Chama, kuma a nan na ga abin da ko a mafarki ban zata ba: masallaci na laka, da ƙubbobi, a kan tudu. Dar al Islam ake kiran wurin. Hassan Fathy, shahararren mai tsara gine-gine na Masar, shi ya zana shi, ya zo a 1980 da magina biyu 'yan Nubiya suka koya wa mutanen wurin yadda ake ɗaga rufin baka da tubalin ƙasa ba tare da katakon tallafi ba. Muka yi alwala muka shiga. Sanyin ciki irin na soron kakana ne, mai saukar da numfashi. Kalmar da suke kiran ginin ƙasa da ita a can, adobe, ta biyo ta Sifaniya ne daga Larabci, aɗ-ɗub. Kunnena dai tubali ya ji. Fararen duwatsun da O'Keeffe ta yi ta zanawa, waɗanda ta kira farin wuri, suna cikin filin masallacin.

Abinci bai ba ni wahala ba sai ta fuska ɗaya. Barkono suke ci kamar mu, duk inda ka zauna za a tambaye ka ja ko kore. Amma wake da burodi da waina ta masara sau da yawa da kitsen alade ake yi, sai ka tambaya, ka sake tambaya. A wani gidan abinci sai da aka kawo kwano gabana mai kawowar ta tuna, ta dawo da gudu ta ɗauke.

A rana ta huɗu muka nufi Taos ta bakin kogi. Mun wuce Alcalde, inda a da akwai mutum-mutumin Juan de Oñate, wanda ya kafa mulkin Sifaniya a 1598 kuma ya yanke hukuncin a sare ƙafar mazan Acoma bayan ya ci garinsu a 1599. Dab da bikin cika shekara 400 da zuwansa, wasu suka bi dare suka yanke wa mutum-mutumin ƙafar dama. A 2020 aka sauke shi gaba ɗaya.

Labarin masu zanen Taos kowa a garin ya haddace shi. A watan Satumban 1898 samari biyu, Ernest Blumenschein da Bert Phillips, sun taso daga Denver a keken doki za su Meksiko. Wajen kilomita 30 arewa da Taos ƙafar keken ta karye. Suka jefa kwabo, ta faɗa kan Blumenschein, ya ɗora ƙafar a doki ya tafi neman maƙeri. Abin da ya gani a hanya ya sa tafiyar Meksiko ta mutu a nan. Dama wani abokinsu, Joseph Sharp, ya taɓa ba su labarin garin tun suna ɗalibai a Faris. Phillips ya yi kusan duk sauran rayuwarsa a Taos. A 1915 su shida suka kafa ƙungiyar masu zanen Taos, suna tura zanensu yawo biranen Amurka don a saya, har ta watse a 1927. Babban mai sayensu kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe ne, wanda ke buga zanen a kalanda don ya kwaɗaitar da fasinja.

Na shiga ɗakin aikin Irving Couse, ɗaya daga cikin su shidan, wanda zanensa ya hau kalandar fiye da sau 20. An bar shi yadda yake: babbar taga ta arewa, murhu a kusurwa, barguna, tukwane, takalman fata masu duwatsu. A zanensa kusan kullum mutum ɗaya ne tsugune gaban wuta, rabin jiki a waje, yana duba kibiya ko tukunya, shiru, kamar ba shi da gobe. Mutumin yana da suna, Ben Lujan, ɗan Taos Pueblo, wanda ya fara zama masa tun yana yaro har Couse ya rasu a 1936. Manomi ne mai iyali, idan ya tashi daga gaban murhun tufafinsa yake mayarwa ya tafi gona. Abin ya tuna min katunan hoton da Turawan mulki suke aikawa gida daga ƙasarmu, inda ake zaɓar wanda za a ɗauka da abin da zai riƙe. Amma kada in cika baki: da aka kawo wani ƙuduri a majalisar Amurka a 1922 da zai raba mutanen Pueblo da gonakinsu, masu zanen nan suna cikin waɗanda suka yi ta kururuwa har ya faɗi. Kuma ɗaya daga cikin masu zama a zana su, Albert Looking Elk, ya karɓi burushi shi ma ya shiga zana garinsu, yana sayar wa baƙi da araha.

Garin nasu, Taos Pueblo, yana da tazarar 'yan mintoci. Gidaje ne na laka a kan juna har hawa biyar, da tsani a jingine, rafi ya ratsa tsakiya, dutse a baya. Kusan shekara dubu ana zaune a ciki. Ba lantarki, ba famfo a tsohon garin, da gangan. Ruwan rafin daga wani tafki mai tsarki a wurinsu yake gangarowa, wanda gwamnati ta ƙwace a 1906 ta haɗe da gandun daji, suka yi shekara 64 suna bin haƙƙinsu har aka mayar musu a 1970. Yarinyar da ta zagaya da mu ta ce kada mu ɗauki hoton kowa sai mun tambaya. Bayan abin da na gani da safe, ban ma fito da wayar ba.

Muna hanyar komawa ranar ƙarshe muka tsaya a Ranchos de Taos don in ga cocin San Francisco de Asís, wanda aka gama a farkon ƙarni na 19. Bayansa ake zuwa gani, ba gabansa ba: wani irin tulin laka marar taga, da manyan ginshiƙai masu faɗin gindi kamar giwa ta ba ka baya. O'Keeffe ta zana shi, masu ɗaukar hoto ba adadi sun ɗauka. Mu kuwa muka tarar da shi da tsani ko'ina da baro da tulin jar ƙasa da ciyawa. Ashe kowane watan Yuni jama'ar unguwar ke fitowa su sake masa yaɓe. Wani dattijo da ke cuɗa laka da shebur ya ce a 1967 an taɓa shafe shi da siminti don a huta. Simintin ya tsage, ruwa ya shiga ya rasa mafita, tubalin ya riƙa narkewa a ciki ba wanda ya sani. A 1979 suka ɓamɓare shi suka koma wa laka. Na ce masa haka aka yi wa ɗakin kakata, shekara uku bango ya kumbura ya zube. Ya gyaɗa kai kawai, ya nuna min bokiti.

Na naɗe hannun riga. Laka ce mai kyau, an bar ta ta kwana, ciyawar ta yi laushi. Na yayyafa wa bangon ruwa, na ɗebo cikin tafi na maka, na bi da gindin hannu daga ƙasa zuwa sama kamar yadda ake yi mana tsawa mu yi muna yara. Wata tsohuwa da ke gefena, da ɗan guntun fatar tunkiya a hannu tana goge inda ya fara shan iska, ta tsaya ta dubi wurin da na yi. Ta shafa shi da yatsu biyu. Ta ce wani abu da Sifaniyanci, sannan ta maimaita da Turanci: wa ya koya maka? Na ce kakana. Ta ce to in rage kauri, zai tsage, ta matsa min bokitinta.

Yaron yana can nesa yana kare fararen takalmansa. "Kawu, jirginka ƙarfe shida ne fa."

Na ce ya ba ni minti goma. Muka yi awa ɗaya da rabi, shi ma daga ƙarshe shi ke turo baro. A filin jirgi, da na miƙa fasfo, jami'in ya dubi farcena, ya dube ni, ya buga hatimi.